Kalmasa: Ma'anarta da Yadda Ake Yin Ta da Hannu, Daga Bakin Zane Zuwa Ƙafar Wando

Duk wadda ta taɓa yanka turmin atamfa ta ɗaura zane a ranar, ba tare da an taɓa bakinsa ba, ta san abin da ke biyo baya. A wankin farko zare biyu ko uku za su leƙo. Kafin wanki na uku bakin ya yi geza, zaren ya nannaɗe sauran kayan da ke cikin bokiti, kina ja yana ƙara warwarewa. Maganin wannan shi ne kalmasa, kuma ita ce ɗinkin farko da aka ɗora mini a hannu a gidanmu da ke unguwar Gangare a garin Jos, tun ban kai in riƙe almakashi da hannu ɗaya ba.

Kalmar kanta tana da abin koyarwa. Idan an ce an kalmasa abu, ana nufin an lanƙwasa shi an mayar da bakinsa ciki. Shi ya sa ake cewa malam ya kalmashe ƙafa a kan buzu, ko a ce wani ya kalmashe murya lokacin da yake neman alfarma. A wajen ɗinki kuwa, kalmasa ita ce a ninke bakin yadi inda almakashi ya bi, a ɓoye wannan ɗanyen bakin a cikin ninki, sannan a bi shi da zare don kada ya buɗe. Ki lura da tsarin: ninki ne a gaba, zare a baya. Mutane da yawa idan sun ji kalmasa sai hankalinsu ya tafi ga allura, alhali allurar riƙewa kawai take yi. Kakarmu, wadda muke kira Iya, idan ta ga na zura zare tun ban ninke ba, sai ta karɓe allurar ta soke a gefen ɗankwalinta ta ce, "Kishiya, ajiye wannan tukuna. Ninke mini in gani." Sai ninkin ya yi mata, sannan ta mayar mini da allurata.

Kada a haɗa ta da faci, wanda ake ɗora wani ƙyalle a kan wurin da ya yage. Ba kuma ita ce wibin ba, wannan da teloli ke yi da inji na musamman ya yanke baki ya lulluɓe shi da zare. Wibin yana hana warwara, amma bakin yana nan a fili. Kalmasa ɓoye shi take yi gaba ɗaya.

Ina magana da "ki" ne saboda da 'yan uwana mata na saba wannan hirar, amma maza ba a cire ku ba. A ƙasar Hausa ai ɗinkin hannu na manyan riguna da huluna aikin maza ne tun fil azal, malamai da almajirai ne suka fi riƙe shi, su suka fitar da aska biyu da aska takwas a ƙirjin riga. Wanda kakanninsa suka yi wannan bai kamata ƙafar wando ta gagare shi ba.

Me ya sa da hannu, ga keke?

Keken ɗinki ya daɗe. Tun 1851 Isaac Singer ya fito da nasa a Amurka, yau kuma da wuya ki shiga layi a Dilimi ko Unguwar Rogo ba ki ji ƙarar keken Butterfly daga wani shago ba. Ga masu yawo da kan keke a kafaɗa suna kaɗa almakashi. Ban raina ko ɗaya ba. Zanen gado, labule, kayan aikin gida da ake wankewa kullum, a kai wa keke, ya fi sauri kuma ya fi ƙarfi.

Amma keke da zare biyu yake aiki, ɗaya ta sama ɗaya ta ƙasa, suna sarƙewa a tsakiyar yadi, don haka dole layin ɗinki ya fito ɓaro-ɓaro a fuskar kaya. A kan wandon shadda mai tsada, ko siket na makaranta, ko gyale mai shara-shara, wannan layin yana rage kyau. Hannu kuwa zare ɗaya yake ja, yana tsintar silin yadi ɗaya ko biyu kacal, ta waje sai ɗigo-ɗigo wanda sai an ƙura ido. Na biyu, kalmasar hannu tana da sauƙin warwarewa ba tare da ta bar huda ba, abin da uwar yara masu girma ke buƙata. Na uku kuwa kowa ya sani: daren Sallah, tela ya kawo kaya ƙafar wando tana jan ƙasa, shagonsa cike da mutane, wuta kuma an ɗauke.

Akwai gam da ake sakawa a cikin ninki a bi da guga ya manne. Yana fitar da mutum kunya na yini ɗaya ko biyu. Ni dai ban yarda da shi a kan kayan da nake so ba, domin yana sandarar da baki, kuma bayan 'yan wanke-wanke sai ya fara saki wuri-wuri.

Abin da za ki tanada

Allura, zare, almakashi mai kaifi, fil kamar goma, tef na awo, alli ko guntun sabulun da ya siraɗe, da dutsen guga. Duk ana samun su wajen masu kayan teloli a kewayen Taminus. Babbar kasuwar Jos da ke wurin ta ƙone tun 2002, amma ciniki bai bar wurin ba.

Allurar hannu tana da lamba, kuma lambar a juye take: idan ta yi sama, allurar ta ƙara siranta. Lamba 7 ko 8 ta wadatar ga atamfa da yadin maza. Ga gyale da boyel ki nemi 9 ko 10. Jins da bargo suna son mai kauri, kamar 3 zuwa 5. Idan ƙunshin da kika saya babu lamba, ki gwada a gefen yadin: allurar da ta bar rami bayan ta wuce ta yi girma, wadda take lanƙwasa kina turawa ta yi ƙanƙanta. Allurar da ta yi tsatsa ki rabu da ita, don za ta bar jan tabo a farin yadi. Damina a Jos doguwa ce kuma da laima, saboda haka ni a cikin ƙaramar kwalba mai murfi nake ajiye nawa.

Wajen zaɓen launi kada ki kara ƙwaryar zaren gaba ɗaya a jikin yadi, za ta yaudare ki. Warware sili ɗaya ki shimfiɗa a kai, ki fita tsakar gida ki duba da hasken rana. Idan ba ki sami daidai ba, ɗauki wanda ya ɗan fi yadin duhu, domin zare mai haske tsalle yake yi ya fito, mai duhu kuwa nutsewa yake yi. Atamfa mai launi barkatai, ki bi launin da ya fi yawa a bakin da za ki ɗinka.

Wani abu da sai wanda ya zauna a garin nan zai gane: a sanyin Disamba da Janairu fatar yatsu tana bushewa ta yi kaushi, ta riƙa kama silin gyale tana jan sa. Ki shafa man kaɗanya da dare kafin ki kwanta, ba lokacin da za ki zauna ɗinki ba. Maiƙo a kan shadda ko shifon ba ya fita da daɗin rai. Ki wanke hannu, ki tsane shi, sannan ki taɓa kaya.

Kafin allura ta shiga

Nan ne aikin yake, kuma nan ne ake gaggawa a ɓata shi. Mu ɗauki zanen atamfa, tun da shi ne ya fi sauƙin koyo. Turmi yadi 6 ne, akan cire yadi 2 na zane. Dogayen gefuna biyu, na sama da na ƙasa, masaƙa ta riga ta gama da su, ba sa warwarewa, kada ki taɓa su. Gajerun gefuna biyu da aka yanka su ne masu neman kalmasa.

Idan auduga ce zalla kuma ba a taɓa jiƙa ta ba, ki fara wanke ta ki shanya, domin auduga tana ɗan tsukewa a wankin farko. In kika ɗinka kafin ta tsuke, yadin zai ja baya ya bar zaren, bakin ya yi kumbure-kumbure. Shadda ce kawai ban ce a jiƙa ba, saboda ƙyallinta da ake saye dominsa ruwa yana rage shi.

Sai daidaita baki. Mai shago da almakashinsa sau da yawa yana karkacewa. Ki kama sili ɗaya na zaren da ya ratsa faɗin yadin kusa da bakin, ki ja shi a hankali har ya fita daga wannan gefe zuwa wancan. Zai bar siririyar hanya miƙaƙƙiya, ki bi ta da almakashi. Wani lokaci za ki tarar zanen furen da aka buga bai bi saƙar daidai ba. Idan karkatar kaɗan ce, ki bi furen, domin shi ido zai gani in an ɗaura.

Yanzu ki kife yadin, bayansa yana kallonki. Ninko baki kamar santimita 1, ki bi shi da guga daga farko har ƙarshe. Sannan ki sake ninkowa kamar santimita 1 da rabi ko 2, ki sake gogewa. Ninkin farko ya shige cikin na biyu ke nan, ɗanyen bakin ya ɓace. Kada ki yarda da ido kaɗai wajen faɗin ninkin. Yanki ɗan kwali, ki yi masa tsaga a daidai faɗin da kike so, ki riƙa kara shi duk bayan taƙi ɗaya. Ya fi tef sauri, kuma ba ya zamewa.

Guga a nan dannawa ce, ba jan dutse ba. Ki ɗora, ki danna, ki ɗaga, ki matsa gaba. In kika riƙa jan dutsen a tsawon ninkin, bakin zai miƙe ya fi jikin zanen tsawo, ya riƙa yin igiyar ruwa. In babu wuta kuma babu dutsen gawayi, atamfa tana jin farce: ki shimfiɗa a kan faranti ko tebur ki murje ninkin da bayan farcen babban yatsa ko gindin cokali, zai kwanta. Yadin roba ne ba ya jin wannan, shi sai guga mai sanyi-sanyi da ƙyalle a tsakani, don zafi yana narkar da shi ya bar sheƙi.

Ki kafa fil a gicciye, wato kansa yana kallon bakin zane, ba a kwance tare da ninkin ba. Ɗaya a tsakiya, ɗaya a kowane ƙarshe, sannan ki cike tsakani. In kika fara daga gefe ɗaya kina tafiya, rarar yadi za ta taru ta jira ki a ɗaya gefen. Wadda hannunta bai saba ba, ta bi ninkin da manyan taku na wucin gadi da zare mai launi dabam, ta cire fil ɗin duka, ta yi ɗinkinta hankali kwance, daga baya ta zare na wucin gadin. Minti biyar ne, amma yana hana sukar yatsa da zamewar ninki.

Ɗinkin kansa

Yanki zare daga kan yatsanki zuwa gwiwar hannu, ki ɗan ƙara kaɗan, kamar santimita 45 zuwa 50. Na san dogon zare yana da jan hankali, mutum yana ganin zai huta da sake zurawa. Ba hutu a ciki. Dogon zare yana murɗewa, ya ƙulle, ya kuma gaji da bin yadi ya tsinke a tsakiya. Ki yanke bakinsa a karkace don ya shiga kafar allura da sauƙi. Sili ɗaya za ki yi amfani da shi, ba ruɓi biyu ba, ƙulli a ƙarshen dogon ɓangaren kawai. Idan kina da kakin zuma, ja zaren a kai sau ɗaya, zai rage harɗewa.

Mai amfani da hannun dama daga dama take farawa ta nufi hagu, bahaguwa kuma ta juya. Ki ɗora ninkin a kan manuniyar hannun hagu, babban yatsa ya danne shi. Soka allura daga cikin ninkin ta fito a leɓensa, ƙullin ya maƙale a ciki inda ba mai ganinsa.

Daga nan motsi biyu ne ake ta maimaitawa. Da tsinin allura ki tsinci sili ɗaya ko biyu na jikin zanen, dab da leɓen ninkin, ɗan gaba kaɗan da inda zarenki ya fito. Ba tare da kin zare allurar ba, ki karkata ta ta shiga ƙarƙashin leɓen ninkin ta ɓullo ta samansa. Ja zaren. Matsa gaba kamar rabin santimita, ki sake. Ta baya za ki ga 'yan taku a karkace a jere kamar ruwan sama mai iska, ta fuska kuwa ɗigo ne ƙanana. Wannan ita ce kalmasar da aka fi sani, ita ce ta zane, ɗankwali, bakin riga da hannunta. Faɗin atamfa yakan kama inci 45 zuwa 48, wato gefe ɗaya zai ci taku sama da 200. Da jin adadin kamar da yawa, amma in hannu ya kama, kafin a gama hira ɗaya an kai ƙarshe.

Abin da ya fi komai muhimmanci a nan shi ne yadda ake jan zaren. Ki ja har ya kwanta, ki tsaya. Kada ki ƙara. Sabon hannu yana ɗauka cewa tamkewa ita ce ƙarfi, sai ya riƙa fizga, ta fuska kuma kowane taku ya zama ɗan rami, bakin ya tattare kamar bakin jaka. Ƙarfin kalmasa yana cikin yawan takun da daidaituwarsu. Iya takan sa ni in tsaya bayan kowane taƙi in shimfiɗa abin a cinya in shafa. "In ya kwanta da kansa, ci gaba. In sai kin danne shi, warware." Har yau haka nake yi.

Duk bayan kamar santimita 10, ki yi ɗan taku biyu a wuri ɗaya a jikin ninkin kawai, ba a jikin zanen ba. Wannan shi ne birki. Ranar da dunduniyar takalmi ko ƙusa ta kama zaren ya tsinke, iyakar abin da zai warware daga birki zuwa birki ne, ba duka bakin ba.

Idan zare ya fara murɗewa, saki allurar ta yi lilo a iska, zai warware kansa. Idan ya rage kamar tsawon yatsa, kada ki matsa sai kin cinye shi. Yi taku biyu a jikin ninkin, a na biyun ki bar ɗan zobe ki zura allura ta ciki ki ja ya ƙulle, sannan ki tura allurar cikin ramin ninkin ta fito can gaba, ki yanke a nan. Jelar ta kwanta a ciki. Sabon zare ya fara daga ɗan bayan inda tsohon ya tsaya, su haɗu su yi taku biyu tare.

Akwai wata hanyar da ta fi wannan ɓoyewa, ita nake yi wa duk abin da za a iya ganin bayansa, kamar tsagar siket ko faffaɗan hannun riga. Bambancinta ɗaya ne. Bayan kin tsinci silin jikin yadi daidai inda zaren ya fito, sai ki mayar da allurar cikin leɓen ninkin, ki bar ta ta yi tafiya a cikin ramin kamar rabin santimita ko fiye kaɗan, sannan ta ɓullo. Zaren duk yana cikin rami, ba ta fuska ba ta baya. Ta fi kyau, kuma da yake zaren ba ya waje, ba abin da zai goge shi. Sai dai tana son ninki mai kaifi, wanda guga ta kama sosai.

Wando, da kayan yara

Yawancin wandunan da ake tsinta a gwanjon kasuwar Katako an ɗinka su ne don dogayen mutane, ga kuma magidanta da yawa da ke son wando ya tsaya sama da idon sawu. Saboda haka rage ƙafar wando ya fi kowace kalmasa yawa a gidajenmu, kuma a nan ne kuskure ba ya gyaruwa, domin abin da almakashi ya ci ya tafi.

Mai wandon ya sa shi, ya ɗaure a inda ya saba ɗaurewa, ya sa takalmin da zai riƙa sawa da shi, ya miƙe tsaye yana kallon gabansa. Wani ne zai ninke ya kafa fil, ba shi ba. Da zarar ya sunkuya don ya duba, tsawon ya canja. Ni nakan ce, "Yaya, ɗago kanka, ni ce mai gani." Ƙafa ɗaya ta isa a auna a jiki. In ya cire, ki juya wandon, ki auna daga tsakiyar cinya inda ɗinkuna suka haɗu zuwa alamar, ki mayar da wannan awon a ɗaya ƙafar. Ja layi da alli: wannan shi ne inda wandon zai tsaya. Daga layin ki auna santimita 4 zuwa ƙasa, ki ja layi na biyu. A na biyun ake yanka. Santimita 1 na ninkin farko, 3 na biyu. Kafin ki yanka, ki ninke ki kafa fil ya sake sawa. Ba ɓata lokaci ba ne.

Wando mai tsukakkiyar ƙafa yana da tarko. Da yake yana ƙara tsukewa zuwa ƙasa, abin da kika ninko ciki ya fi wurin da zai kwanta ƙanƙanta, in kika tilasta shi sai wajen ya tattare. Ki farke ɗinkin gefe na ɓangaren da aka ninko kaɗan, kamar santimita 2, ya buɗe ya kwanta, ki kama bakin tsagar da 'yan taku. A yi hattara wajen farkewar, kada allura ta tono garma: ki ƙulle zaren keken a inda kika tsaya, in ba haka ba zai ci gaba da buɗewa har gwiwa.

Jins dabam ne. Ba ya son ɓoyayyen ɗinki, kuma sili biyu ba za su riƙe nauyinsa ba. Ninki biyu na santimita 1 da rabi, zare mai kauri, a bi shi da ɗinkin koma-baya: allura ta fito gaba, ta koma ta shiga inda takun baya ya ƙare, ta sake fitowa gaba. Inda ɗinkin gefe ya ninku ya yi tudu, ki ɗora a kan turmi a kife ki bubbuga da taɓarya ko guduma, zai yi laushi allura ta wuce. Ki sa wani abu mai tauri a yatsan da ke tura allura, ko hular yatsa ta ƙarfe ko guntuwar fata.

Kayan makaranta kuwa, kada ki yanke rarar. In an ɗinka wa yaro sabon wando ko yarinya doguwar riga a farkon zangon Satumba, ki bar ninki na biyu ya kai santimita 6 ko 8, ki kama shi da hannu. Shekara na zagayowa ki zare, ki sauke, ki sake kalmashewa. Layin tsohon ninki yakan kwanta in kika ɗora jiƙaƙƙen ƙyalle kika danna da guga. In launin wurin ya riga ya koɗe, guga ba za ta mayar da shi ba, sai dai ki bi layin da siririn ɗinki ya zama kamar ado.

Gyale, hijabi da kayan sanyi

Gyale mai shara-shara ba ya ɗaukar faffaɗan ninki, nauyi yake yi ya kuma nuna ta waje. Shi naɗi ake yi masa. Ninko baki siriri ƙwarai, kamar milimita 3. Soka allura a kan ninkin, sauko ki tsinci sili ɗaya a jikin gyalen dab da inda ɗanyen bakin ya tsaya, koma sama kan ninkin, sake saukowa, kina tafiya kamar haƙoran zarto, ba tare da kin ja zaren ya tamke ba. In kin yi taku huɗu ko biyar, sai ki ja a hankali. Bakin zai naɗe kansa ya shige ciki kamar siririyar igiya. Ranar da na fara ganin wannan na sa Iya ta maimaita mini har sau uku. Yana cin lokaci, gyale ɗaya yana iya ɗaukar yammaci biyu, amma babu keken gida da zai ba ki irinsa.

Hijabi mai zagayayyen ƙasa matsalarsa ita ce bakin ya fi inda za a ninke shi tsawo, dole rara ta samu. Abu biyu ke taimako. Ki rataye shi kwana ɗaya kafin ki daidaita ƙasan, domin wuraren da aka yanka a karkace suna saki su ƙara tsawo. Sannan ki yi ninkin siriri, rabin santimita sau biyu. In dole sai mai faɗi, bi bakin da ƙananan taku, ki ɗan ja zaren rarar ta rarrabu daidai, ki danne da guga, sannan ki ɗinka.

Suwaita, rigar sanyi mai miƙewa da siket mai kauri suna son kalmasa mai gicciye. Ita ninki ɗaya ake yi, don biyu zai yi tudu, kuma daga hagu ake farawa a nufi dama, alhali tsinin allura kullum yana kallon hagu. Ɗan taku a jikin ninkin, tsallaka sama a karkace ki yi ɗan taku a jikin rigar, sauko a karkace kuma. Zaren yana gicciye kansa, ya lulluɓe ɗanyen bakin, kuma in an ja rigar wajen sawa yana buɗewa tare da ita maimakon ya tsinke. A nan ma sassauci ake so fiye da ko'ina.

Idan kin gama

Juya kayan ki duba ta fuska da hasken rana. In ɗigon ya fito manya, silin da kike tsinta ya yi yawa. In akwai ramuka a jere, kin tamke. In ninkin ya murɗe kamar igiya, ɓangaren sama ya riga na ƙasa tafiya, wato fil ya yi kaɗan ko an fara kafa shi daga gefe. Duk waɗannan warwarewa ake yi a sake, kuma da bayan allura ake zare takun ɗaya bayan ɗaya, ba da reza ba, don reza ba ta bambance zare da yadi.

Guga ta ƙarshe ta baya ake yin ta, a kan ƙarshen ninkin kawai. In kika danna dutse a kan leɓen da aka ɗinka, shatinsa zai fito ta fuska, musamman a yadin maza mai duhu. Sannan ki ƙirga fil ɗinki kamar yadda kika ƙirga su da farko, ki tabbatar allura ta koma kwalba. A kan tabarmar nan yara ke rarrafe, a kanta ake sallah. In ɗaya ya ɓace, maganaɗisun tsohuwar sifikar rediyo yana tsinto shi, ki ja shi a kan tabarmar da ƙarƙashinta kafin kowa ya zauna.